Ta yaya ake aika Field Exit bayan sikanin kaya a TN5250?

Assalamu alaikum. A rumbun kayanmu muna amfani da ƙananan kwamfutocin hannu masu Android, waɗanda ke haɗuwa da sabar IBM i (babbar kwamfutar da ke riƙe da bayananmu) ta hanyar manhajar TN5250, wadda ke nuna shafin sabar a kan kwamfutar hannu. Haɗin lafiya lau yake, amma idan aka yi sikanin lambar kaya, alamar rubutu ba ta tsallakawa zuwa gurbin adadi. Da na sa Enter a ƙarshen sikanin, sai shafin ya tafi sabar tun kafin a rubuta adadin. Da na sa Tab kuwa, ta tsallaka, amma lambar ba ta jeru ta hannun dama ba, sabar ta ƙi karɓa. Aikin lodi ya tsaya cak. A ina ake saita manhajar ta riƙa aika Field Exit (maɓallin da ke jera lamba ta hannun dama sannan ya tsallaka zuwa gurbi na gaba) bayan kowane sikanin?