Kamfani zai maida ni Amurka, wace biza ce?

Abu Khadija: Salam yan uwa, injiniya ne ni anan Jidda, kamfaninmu na so ya maida ni reshensa na Amurka, wace biza ce kuma ni zan nema ko su?

Baban Sadik: Wa alaikassalam Malam. L-1 sunanta, kamfanin ne zai shigar da takardu ba kai ba, amma fa sai ka cika shekara 1 kana aiki dasu cikin shekaru 3 da suka wuce. Manaja yana iya kaiwa shekara 7 a Amurka da wannan bizar, mai ƙwarewa ta musamman kuma 5.

Ummu Hanan: Dan Allah ka duba iƙamarka, wato izinin zamanka a Saudiyya, kar ta mutu kafin intabiyun biza, abinda ya wahalar da maigidana kenan wallahi.

Abu Khadija: Nagode, to iyali fa?

Baban Sadik: L-2 ce bizarsu, uwargida ma zata iya aiki.