Ɗanyar gyaɗar hazel tana jiƙa min burawni

Assalamu alaikum. Ina zaune a Ingila, kuma yanzu a watan Satumba gyaɗar hazel (wata ƙwaya mai ɓawo mai tauri da ke fitowa a bishiya) ta nuna a bakin daji kusa da mu. Na tsinko wadda kurege ya rage, na ɓare kore-koren ganyen da ke rufe da ita, na fasa ɓawon.

Kwaɓin burawnina (wani irin kek na cakulan) wanda na saba ne: bota gram 185, cakulan baƙa gram 185, ƙwai 3, suga gram 275, fulawa gram 85, garin koko gram 40, a obin a kan digiri 180 na Celsius. Idan na zuba gyaɗar hazel ta kanti a ciki, lafiya lau yake fitowa, samansa ya tsattsage, cikinsa da danƙo. Da wannan ɗanyar kuwa, duk inda ƙwaya take sai in tarar da ɗan rami a jiƙe, ita kanta ƙwayar ta yi laushi kamar dafaffiyar gurjiya, ba ƙamshi ba garas-garas.

Na gasa ta daban tukuna na minti 12. Waje ya yi duhu har da ɗaci, ciki yana nan fari da ruwansa. Na murza a tsumma, fatar ta ƙi fita. Na ƙara wa kwaɓin lokaci, gefe ya bushe, tsakiya bai canza ba. Wasu ma da na bari a leda har sun fara fumfuna.

Don Allah, yaya ake busar da ɗanyar hazel kafin gashi, a cikin ɓawonta ko a fashe, kuma tsawon wane lokaci? Na gode.