Na yi facin fenti a bango, wurin ya fito kamar taswira

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. An cire kanta daga bangon falo, ramukan ƙusa shida suka rage. Na cike su da fila, da ya bushe na bi su da burushi da ragowar fentin da aka yi wa bangon shekara uku da suka wuce. Fentin ruwa ne mai ɗan sheƙi. In mutum ya tsaya gaba da gaba ba ya ganin komai, amma da zarar hasken taga ya bugo ta gefe sai facin ya bayyana, tsakiya a dushe, gefe yana ƙyalli. Na ƙara shafi na biyu, abin ya ƙara fitowa. Bangon mita 4 ne a faɗi, tsayinsa mita 2.7, fentin da ya rage bai wuce lita ɗaya da rabi ba. In ci gaba da gyaran facin ko in shafe bangon duka?

Baban Sadiq:
Hajiya, danshi ne. A duba bayan bangon ko akwai bututun ruwa da ke yoyo. In ba a tsayar da ruwan ba, ko sau goma aka shafa sai tabon ya dawo.

Mai Rola:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, ba ta ce tabo ba, ba ta ce fenti ya kumbura ko ya yi farin gishiri ba. Wannan aikin fila ne. Fila yana da ƙishi, yana zuƙe ruwan fenti fiye da tsohon bangon da ke kewaye da shi, shi ya sa tsakiyar ta dushe. Gefen kuma sabon fenti ne ya hau kan tsoho, ya yi kauri, shi ne ƙyallin. Ga na uku: da rola aka yi bangon, ke kuma kin yi da burushi. Rola tana barin ƙananan gurbi kamar bawon lemo, burushi yana barin layi-layi, haske ba ya sauka a kansu iri ɗaya ko da launin bai bambanta ba.

Ki goge wurin da samfefa mai lamba 180 zuwa 220 har sai kin shafa da tafin hannu ba ki ji tudun gefen ba. Ki share ƙurar da tsumma mai ɗan laima, ya bushe. Ki sa firaima, wato shafin farko da ke hana wuri zuƙe fenti, a kan filan kawai, ki ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa. Fentin kuma a juya shi da sanda tun daga ƙasa, minti biyar cur, don launin yana kwanciya a gindi, sannan a tace da kyalle mai laushi saboda gudaji. In yana warin ruɓa ko ya ƙi haɗuwa, ya mutu, kada ya taɓa bango. Ki samo ƙaramar rola mai gashi irin na wadda aka yi aikin farko, ki fara daga tsakiya, ki riƙa sassauta hannu kina fita waje har rolar ta kusa bushewa, yadda gefen zai ɓace a hankali.

Injiniya:
Duk wannan daidai ne in fentin marar sheƙi ne. A mai sheƙi, kuma bangon da hasken taga ke kwanciya a kansa, faci ba ya ɓuya. Shekara uku rana da ƙura da goge-goge sun canza na bango, na cikin gwangwani bai canza ba. A goge, a sa firaima, a shafe daga kusurwa zuwa kusurwa, ido ba ya kama bambanci a inda bango biyu suka haɗu. Bangonki murabba'in mita 10.8 ne. Lita ɗaya tana cin 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, don haka shafi biyu lita biyu ne. Naki ba zai kai ba.

Mai Rola:
Zai kai mana. Launi ɗaya ne a kan launi ɗaya, bangon kuma a rufe yake, ba ya sha. Shafi biyu a wurin faci, ɗaya a bango duka, har ragowa za ta samu.

Injiniya:
Shafi ɗaya a fenti mai sheƙi yana nuna sawun rola, Malam. Lissafin a jikin gwangwani yake.

Mai Rola:
Ranka ya daɗe, gwangwani bai taɓa hawa tsani ba. Sawun rola yana fitowa ne in an bar gefe ya bushe kafin a ɗora na gaba. A kashe fanka, a rufe taga, a yi daga sama zuwa ƙasa ba tsayawa, kowane layi ya hau rabin na baya tun yana ɗanye, shafar ƙarshe kuma duk ta fuskanci waje ɗaya.

Autan Mama:
Anti, mayar da kantar inda take, magana ta ƙare.

Yaya Babba:
Abin da ba wanda ya faɗa shi ne ta'asar wasu masu fenti. Fentin ruwa bai kamata ruwan da za a ƙara masa ya wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, amma sai a tsinka shi ya koma kamar ruwan wanki don bokiti ɗaya ya yi aikin biyu. Bangon da aka yi wa haka sheƙinsa ya ragu tun ranar farko. Mai gida ya zo da ragowar da ba a tsinka ba ya yi faci, ta yaya za su yi daidai? Wasu ma a bokiti suke haɗa launi da ido, ba suna, ba lamba, su kwashe ragowar su tafi. In bango ya ƙuje bayan wata shida babu inda za a samo irinsa. Wannan cin amana ne.

Mai Rola:
Yaya, kada a yi mana kuɗin goro. Sau nawa mai gida ke sayo abin da bai kai ba ya ce lallai sai ya isa ɗaki uku?

Yaya Babba:
To a faɗa masa gaskiya tun kafin a buɗe murfi. Kuma a rubuta sunan launi da lambarsa da ɗakin da aka yi a jikin murfin, a bar wa mai gida.

Maman Ilham:
Na gode. In na ƙaro lita ɗaya, zan iya haɗa ta da tsohon? Lambar jikin gwangwanin ta goge.

Injiniya:
Ki yanko ɓawon fenti kamar santimita 3 daga wurin da kujera ke rufewa, a gwada launi da shi, ki tabbatar sheƙin ma iri ɗaya ne. Ki juye sabo da tsoho a bokiti ɗaya ki gauraya kafin ki fara. Kada ki yanke hukunci kan launi sai ya kwana ya bushe.

Baban Sadiq:
Ni dai har yanzu ina cewa a leƙa bayan bangon. Yaya Babba, su masu kwashe ragowar fentin nan, a ka'ida na wa ne, na mai gida ko na mai aiki?