Old, ancient, antique, vintage, obsolete: duk "tsoho" ne ko akwai bambanci?

Hauwa_Kawo:

Assalamu alaikum malamai. Don Allah a warware mini wani abu. A tambayoyin Turanci na WAEC da JAMB, inda ake cewa a zaɓi kalmar da ta fi kusa a ma'ana, sai a jera old, ancient, antique, archaic da obsolete a layi ɗaya. In na buɗe ƙaramin ƙamus na Turanci zuwa Hausa, kusan duk "tsoho" ko "na dauri" nake tararwa. Da me ake bambance su? Misali tsohuwar Peugeot 504, antique ce ko vintage ko obsolete? Sannan tsohon gwamna, old governor ne?

MalamBello_UnguwarRimi:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da ta ƙarshen, don a nan ɗalibai suka fi zubar da maki. Old governor gwamna ne mai yawan shekaru, wanda furfura ta cika masa kai, ko da yana kan kujera. Wanda ya sauka daga mulki former governor ne, ko ex-governor, ko da shekarunsa arba'in. In ya rasu, late governor. Hausa ta ɗora kayan duka a kan "tsohon", Turanci kuwa ya raba su gida-gida. Ki lura da old friend: abokin da aka daɗe tare ne, kuma har yau ana zumunci. Wanda aka ɓata da shi former friend ne. Old boys, wato tsofaffin ɗaliban makaranta kamar na kwalejin Barewa, kafaffiyar magana ce, haddace ta ake yi, ba a auna ta da wannan ƙa'ida.

Sauran kuwa, kafin ki zaɓi kalma ki tambayi kanki wane irin tsufa jimlar take nufi: yawan shekaru, ko daraja, ko daina amfani, ko lalacewa.

Ancient ta shekaru ce, kuma ba ƴan kaɗan ba, ɗaruruwa masu yawa ko dubbai. Ga misali a jiharmu ta Kaduna: mutum-mutumin yumɓu na Nok, a ƙaramar hukumar Jaba. Masu haƙar kuza suka fara tono shi a 1928, daga baya Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, ya bi diddigi tun daga 1943, kuma shekarun kayan sun haura 2,000. Wasu suna nan a gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu, ki je ki gani da idonki. Wannan shi ne ancient na haƙiƙa. A lissafin masana tarihin Turai, ancient history yana ƙarewa ne a shekara ta 476, da faɗuwar daular Rum ta yamma. In jarida ta rubuta ancient city of Zaria ba ta yi kuskure ba, ga ganuwa nan shaida. Amma garin Kaduna da ya zama hedikwatar Arewa a 1917 bai kai ba. Haka gadar Lugard da ke filin shaƙatawa na Gamji a Kaduna, wadda aka kafa a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa nan a 1954: historic za a ce mata, wato mai muhimmanci a tarihi.

Obsolete ba ruwanta da shekaru. Abu ne da aka daina aiki da shi saboda wani ya maye gurbinsa: tafireta, kaset, ko fam da sule tun da naira ta shigo ranar 1 ga Janairun 1973. Kaset yana iya zama sabo fil a cikin ledarsa, amma obsolete ne. Outdated ta fi sauƙi: abin yana nan a hannu, sai dai bayaninsa ya kwana. Taswirar da ta nuna Katsina a cikin jihar Kaduna outdated ce tun 1987.

Alhaji_Panteka:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara ilimi. Ni zan taɓa ɓangaren kaya, don a nan kalma ɗaya tana sauya farashi.

Antique tana da ma'auni: shekara 100. Ba raha ba ce, har a jadawalin kwastan na duniya akwai lamba 9706, ta kayan da shekarunsu suka wuce 100. Kuma ba kowane tsohon tarkace ba ne, sai mai daraja ta sana'a ko ta tarihi: tsohuwar ƙofar sassaƙa, takobi, tasar tagulla, akwatin ƙarfe na amare. A yi hattara da ƴar'uwarta antiquity. A dokar hukumar gidajen tarihi ta Najeriya ta 1979, kayan fasaha ko na al'ada da aka ƙera kafin 1918 antiquity ne, kuma ba a fita da su ƙasar waje sai da izinin hukumar. Wanda bai san wannan ba yana iya jefa kansa cikin shari'a a filin jirgi.

Vintage daga girbin inabi ta samo asali, shekarar da aka tsinke shi. Shi ya sa kullum tana ɗauke da ma'anar "na wani zamani sananne, kuma mai kyau a irinsa". A kasuwar intanet ta Etsy sharaɗinsu shi ne kaya su kai shekara 20 kafin a kira su vintage. Ke nan tsakanin 20 da 100 filinta ne. Retro kuwa sabon abu ne da aka yi wa siffar dauri, kamar rediyon da aka ƙera bana da kamannin na shekarun 1970. Mai sayar da retro da sunan vintage ya ha'inci mai saye.

Yanzu 504 ɗinki, ƴata. A Faransa ta fara fitowa a 1968, kuma masana'antar Peugeot ta Kakuri ta fara harhaɗa motoci a 1975. Ba wadda ta kai shekara 100, don haka antique ta fita. Sauran ya dogara da halin da take ciki. Wadda aka adana, fentinta na asali, kujerunta ba yagewa, injin yana tashi da bugu ɗaya, classic car ce, kuma a maganar yau da kullum za a ce vintage ba wanda zai musa. Masu tsanantawa a Ingila su kam vintage car a wurinsu sai ta tsakanin 1919 da 1930. Wadda take jigila da buhunan masara a saman but, old car ce kawai. Wadda ta kwanta ba tayu ana cire mata sassa, scrap.

Gwanjon Kasuwar Barci da mota ƴar Kwatano second-hand ne ko used. Fairly used Turancinmu ne na gida, kowa ya gane a kasuwa, amma kada ki sa shi a takardar jarrabawa.

Malama_Asabe_Barnawa:

Akwai tarko ɗaya da ba a ambata ba, kuma masu shirya jarrabawa suna ƙaunarsa: antique da antiquated. Tushensu ɗaya, amma ta farko yabo ce, ta biyu suka. Antique furniture kujeru ne masu tsada da ake alfahari da su. Antiquated equipment kayan aiki ne da ya kamata a ce an yi watsi da su tuntuni. In jimla tana ƙorafi, antiquated take nema.

Archaic ta fi zama a kan harshe da dokoki da al'adu. A ƙamus tana da ma'ana ta musamman: kalmar da ta fita daga maganar yau da kullum amma ana cin karo da ita a addu'a ko waƙa ko takardar shari'a, irin su thou, thee da hath. Obsolete a ƙamus ta fi haka nisa. Merriam-Webster suna manna ta ne ga kalmar da ba a sami shaidar amfani da ita ba tun 1755. A Hausa ki auna da "taro" da "sisi": kuɗin sun tafi, amma har gobe ana cewa ba ni da ko sisi.

Old-fashioned tana iya zama suka, tana iya zama yabo, sai an duba abin da ke kewaye da ita. Old-fashioned ideas suka ce, old-fashioned courtesy kuwa ladabin mutanen dauri ake yabawa.

Ga mutane, elderly ita ce ta girmamawa, kamar mu ce dattijo maimakon tsoho. Ba a cewa elderly house. Kiran mutum ancient ko antique ba'a ce, kada ki kuskura.

Hauwa_Kawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura biyu Malama. Burodin da ya kwana, da gidan da ya fara rushewa, su ma old ne? Kuma "he is elder than me" daidai ne?

Malama_Asabe_Barnawa:

Ba daidai ba ne. Elder ba ta tafiya da than. My elder brother, wato yayana, daidai. Amma in kwatance za ki yi, he is older than me. Older tana shiga ko'ina, mutum ko mota ko gari. Elder da eldest kusan a cikin dangi kawai suke aiki, sai kuma elders, dattawan unguwa.

Burodin da ya kwana ya bushe stale ne. Haka labarin da kowa ya riga ya ji, haka cakin banki da ya wuce wata shida ba a kai shi ba. Man shanu ko man gyaɗa da ya sauya wari rancid ne, madara sour, tumatir da nama rotten, magani kuma expired, don shi kwanan wata ne a jikin kwalinsa yake yanke hukunci, ba kamanninsa ba.

Gini mataki-mataki ne. Wanda rufinsa ke yoyo, bango ya tsage, amma akwai mutane a ciki, dilapidated. Wanda aka ƙaurace masa ya zama kango, derelict. In ya zube saura gindin bango, kufai ke nan, ruins. Riga ko takalmin da ya ci duniya worn-out ne. In zaren rigar ya siraice har ana hango singileti ta ciki, threadbare.