Maganin damuwa ya ɗauke wa maigidana sha'awa, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman likitocin cikinmu. Don Allah shawara nake nema.

Maigidana ya kamu da ciwon damuwa bayan kasuwancinsa ya karye. Likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora shi a kan fluoxetine, kuma alhamdulillahi, barci ya dawo, har wasa yake da yara. Amma tun da ya fara shan maganin sha'awa ta ɗauke masa ɗif, abin da irin wannan magani kan jawo wa wasu.

A da, kusantar juna ce ke sauke mana gajiya da fushi. Jiki kan saki sinadarin oxytocin a lokacin, mutum ya samu natsuwa da barci mai daɗi. Yanzu ni ce na fara shiga ƙunci, shi kuma kunya ta hana shi gaya wa likita. Cewa yake zai daina maganin kawai, alhali yanke shi farat ɗaya na iya dawo da ciwon. Ƙawata ta ce in sayo masa maganin maza na kasuwa, na ƙi.

Likita zai iya rage masa ko ya canza wani? Kuma ta yaya zan shawo kansa mu je tare?