Neman wanda zai yi wa waƙarmu mastarin a farashi mai sauƙi

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu makaɗa biyar ne a Kano, kuma mun kammala ɗaukar waƙarmu ta farko a situdiyo, inda muka haɗa kalangu da gurmi da jita da fiyano da muryoyi biyu. An gama miksin, wato haɗawa da daidaita sautin kayan kiɗa da muryoyi wuri guda, amma idan muka saurare ta bayan waƙoƙin da ke Audiomack sai mu ji tamu ba ta da ƙarfi, muryar jagora kuma tana nutsewa duk lokacin da kalangu ya shigo. An ce mana mastarin ne ya rage, wato gyaran ƙarshe da ake yi wa sautin waƙa gaba ɗaya kafin a fitar da ita. Kuɗin da muka tara ya kusa ƙarewa a wurin ɗauka, shi ya sa muke neman shawarar inda za a yi mana aiki mai kyau ba tare da tsada ba.

Amsa ta farko:

Wa alaikumus salam. Malam, matsaloli biyu ka ambata, kuma ɗaya ce kawai mastarin zai magance, wato rashin ƙarfi. Nutsewar murya aikin miksin ce. Mai mastarin fayil guda yake karɓa wanda an riga an cakuɗa komai a cikinsa, don haka idan ya ɗaga yankin sautin da murya take, zai ɗaga kalangun tare da ita, domin kusan wuri ɗaya suke zaune. Ku koma wurin wanda ya yi muku miksin ya gyara wannan tukuna, in ba haka ba za ku biya kuɗi a ƙara wa aibin ƙarfi.

Idan ya gyara, ya fitar muku da waƙar a tsarin WAV mai bit 24 (fayil ɗin sauti da ba a rage masa inganci ba), ba MP3 ba, ya cire duk abin da ya ɗora don matse sautin gaba ɗaya, ya kuma bar ƙololuwar sautin a wajen -6 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) domin mai mastarin ya sami sararin aiki. Ku tura fayil ɗin ta Google Drive.

Amsa ta biyu:

Tun da kuɗi ne damuwar, ku fara da shafukan da kwamfuta ke yin aikin da kanta. BandLab yana yi kyauta, LANDR da eMastered kuma suna barin mutum ya saurari sakamako kafin ya biya, sai dai da kuɗin waje ake biya. Wajen kwatantawa, ku rage ƙarar wadda aka yi wa mastarin har ta yi daidai da ta asalin waƙar, saboda kunne yakan ɗauka duk abin da ya fi ƙara ya fi daɗi.

Amsa ta uku:

Ban ƙi shawarar ɗan'uwana ba, amma a ganina waƙar da ke da kalangu da gurmi ta fi buƙatar kunnen mutum. Daɗin kalangu yana cikin kaifin bugun farko da yadda sautin ke hawa da sauka idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, kuma matsewa mai yawa takan danne wannan kaifin har kiɗan ya koma lami. Akwai injiniyoyin sauti a Kano da Kaduna da Jos da Legas da za a yi ciniki da su da naira, akwai kuma na waje a SoundBetter da Fiverr. Ko wane ne kuka zaɓa, ku nemi ya yi muku gwajin rabin minti a daidai inda kalangu da murya suka haɗu, ku kuma yi yarjejeniya tun farko kan sau nawa zai gyara idan ba ku gamsu ba. Zai fi kyau ya zama ba wanda ya yi miksin ɗin ba ne, domin kunnensa ya riga ya saba da waƙar.

Kada ku matsa wa mai mastarin a kan ƙara. Spotify yana daidaita waƙoƙi a wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗaya), wanda ke nufin waƙar da aka cika wa ƙara rage ta za a yi. Idan ya miƙo aikin, ku saurara a lasifikar waya da ta adaidaita sahu, domin a nan yawancin mutanenmu za su ji ta.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Za mu koma situdiyo a gyara muryar, sannan mu gwada BandLab mu ajiye sakamakon, mu kwatanta shi da gwajin injiniya kafin mu biya kowa.