Tambaya: In ɗaura wa tsohuwar Mazda MX-5 turbo kafin in shiga tseren kulob?

Sadiku_Lesta ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, musamman mazauna Ingila.

Bara na sayi Mazda MX-5 ƙirar 1992, mai inji 1.6, irin mai fitilun nan da ke ɗagowa kamar idon kwaɗo. Fam 1,900 na ba wani tsoho, kuma bai ɓoye min ba, ya ce tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofofi ta wajen tayoyin baya. Na kai an yi walda. Sau uku ke nan ina kai ta filin tseren Mallory Park a ranakun da ake buɗe fili kowa ya zo da motarsa, tunda daga gidana ko minti talatin ba a yi.

Matsalata biyu. Ta farko, da mun fito miƙaƙƙiyar hanya kowa wuce ni yake yi. Na take totur har ƙasa amma kamar baro nake turawa. Wani abokina makaniki ya samo turbo na hannu, wato na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ya ce idan ya ɗaura min, ƙarfin doki 115 ɗin nan zai doshi 200. Ta biyu, zuwana na ƙarshe, bayan zagaye kamar goma, na iso kwanar Shaw's na taka birki, sai ƙafata ta nutse kamar na taka soso. Na yi ta famfo har ya ɗan kama. Da na fito daga motar sai da na zauna a ƙasa, gwiwoyina sun ƙi ɗaukata.

Burina badi in shiga tsere na gaske, mai tuta da sakamako. Fam 4,000 na tara. In fara da turbon ne? Kuma lasisin tuƙi na titi ya isa?

Kawu_Mai_Keji ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gode wa abokinka, ka ce ya ajiye turbonsa.

Bari in fara da abin da ya kusa kai ka asibiti. Man birkinka ne ya tafasa. Man birki yana shan laima daga iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa sai ya haura digiri 230, amma wanda ya daɗe ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Da ya tafasa sai ya zama tururi a cikin bututu, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, shi ya sa ƙafarka ta nutse. Ina kyautata zaton tun zamanin tsohon nan ba a canja shi ba. Ka zuba na tsere wanda yake jure sama da digiri 300, ka sa fad ɗin birki na fili, ka canja bututun roba zuwa masu saƙar ƙarfe. Duka ba za su ci maka rabin kuɗin turbo ba. Motar da ta kasa tsayawa da doki 115 ita za ka ƙara wa 80?

Na biyu, kuma nan ne na fi son ka saurare ni, domin kuskuren da na yi ke nan. Ni na fara gyara mota ne sannan na je neman inda zan yi tsere da ita. Na kashe kuɗi a inji, na rage bodi, na zo karanta dokokin ajin da nake so sai na ga rabin abin da na yi haramun ne a can. Sai da na biya aka kwance min abin da na biya aka ɗaura. Ka fara zaɓen gasa, ka sauke dokokinta, ka karanta da biro a hannu, sannan ka ɗauki sifana.

Kai ma sa'a ka taka ba ka sani ba. Motarka tana da gasarta ita kaɗai. Kulob ɗin tsere na BRSCC suna da gasar MX-5 ta irin ƙirarka mai 1.6, haka ma 750 Motor Club, kulob ɗin da aka kafa tun 1939 don masu son tsere da ƙaramin aljihu. A can kowa irin motarka yake tuƙawa, kuma ba a yarda da turbo ba. Ranar da ka ɗaura shi ka rufe wa kanka wannan ƙofa. Abin da zai rage maka shi ne gasa irin su Roadsports ko Trackday Trophy, inda ake raba aji bisa ƙarfin inji da nauyin mota, kuma ƙarin dokin zai tura ka aji na sama cikin motocin da birkinsu da ƙafafunsu suka fi na motarka.

Lasisin titi ba ya aiki a nan. Na Motorsport UK ake nema, wato hukumar tseren motoci ta Birtaniya. Za ka sayi ƙunshin masu farawa, ka yi jarrabawar ARDS a ɗaya daga cikin filayen: rubutacciya, wadda yawancinta kan tutoci ne, sai tuƙi da malami zaune a gefenka. Ba gudu yake dubawa ba, natsuwa yake dubawa, da ko kana kallon madubi. Idan ka ci, za a manna wa bayan motarka baƙar alamar X a kan rawaya, kowa ya san sabon shiga ne, sai ka tara sa hannu shida na jami'an tsere, shaidar tseren da ka kammala, ka cire ta.

Fam 4,000 ɗinka kuwa, ga masu jiranta: kejin ƙarfe mai kare direba idan mota ta kife, kujerar tsere, bel mai madauri shida, tukunyar kashe gobara mai bututu, makashin wuta da za a iya kashewa daga ciki da waje, jar fitilar ruwan sama a baya, na'urar ƙirga lokacin zagaye. Kai kanka hular kwano, abin tare wuya da ake cewa HANS, da kayan da wuta ba ta saurin ci. In za ka sayi bel ko kujera na hannu, ka duba shekarar da ke jikin lakabin, suna da wa'adi. Kuma kada ka ba mai waldar ƙyaure aikin keji. Nawa na farko wani gareji ya yi min da araha, masu duba motoci suka leƙa ƙafafun kejin da tocila da sassafe suka ce ba zan fita ba. Kuɗin shiga ya tafi, na wuni ina cin burodi da shayi a bayan motar ɗaukar kaya ina kallon wasu suna zagayawa.

Maman_Iman ta amsa:

Duk abin da Kawu ya faɗa haka ne. Ni ba na tuƙi, ina cikin masu tsayawa gefen fili da kayan nan ruwan lemo muna ɗaga tuta, aikin sa kai, yawanci a filin tseren Donington Park. Ƙanina, ka zo ka tsaya tare da mu wuni ɗaya kafin tserenka na farko. Daga bakin kwanar Old Hairpin za ka ga yadda motoci ke gangarowa daga kwanonin Craner Curves, za ka ga wanda ya iya da wanda yake kokawa da sitiyari. Sau da yawa ƙaramar mota ce ke manne wa babba a wurin. Kuma wunin da ka yi da mu ana iya ƙirga maka shi a cikin sa hannun ɗaga matsayin lasisi.

Abu ɗaya Kawu ya manta: inshorar motarka ta titi ba ruwanta da abin da ya faru a fili. Wani ya buge ka, kai za ka gyara taka, shi ya gyara tasa. Ka kuma tanadi yadda za ka dawo da ita gida idan ta ƙi tashi.

Iyalinka sun san da wannan shiri kuwa?

Usta_Ƙofar_Ruwa ya amsa:

Ni daga Kano nake karanta ku, kuma ban yarda da Kawu ɗari bisa ɗari ba. Mota ba ƙarfi ai amalanke ce. Yaro yana son ya ji an manna shi da kujera, ku bar shi ya ji. Sai dai a matsayina na wanda ya kwance injuna da yawa, inji mai shekara sama da talatin ba a ɗora masa turbo a kan tsohon lagireto da tsohon kulochi. Zafi ne zai fara cinye gasket, kulochi ya biyo baya. In zai yi, ya yi duka, kuma kuɗin nan nasa ba za su kai ba.

Abin da ya burge ni shi ne zancen fili da tutoci da motar asibiti a gefe. Mu a nan yaran da ke da wannan jinin a kan titi suke hucewa ranar ɗaurin aure, cikin masu babur da masu talla.

Sadiku_Lesta ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu, na buɗe murfin man birkin yanzu, launinsa kamar shayin da aka manta a buta. Na sauke dokokin gasar MX-5 ɗin, na kai shafi na tara, har na ga ashe tayar ma iri ɗaya ake so kowa ya sa. Usta, abokin nawa bai ji daɗi ba, ya ce zai ɗaura turbon a tasa.

Anti, uwargida ta sani, ita ce ma ta ce hular kwano kada in sayi ta hannu. Hajiyarmu ce dai har yanzu take zaton motar zuwa aiki ce.

Kawu_Mai_Keji ya ƙara da cewa:

Uwargida ta yi gaskiya, hular da ta taɓa faɗuwa ba a gane ta da ido. Kafin ka biya kuɗin keji, ka ɗaga motar ka sa a ƙwanƙwasa inda aka yi waldar nan da guduma, domin a kan wannan ƙarfen ƙafafun kejin za su zauna. In ya yi taushi, gara ka nemi wadda wani ya riga ya haɗa yana sayarwa a ƙarshen kaka, ta fi araha nesa ba kusa ba. Ranar da za ka koma Mallory ka yi min magana, zan zo da abin auna iskar taya in zauna a gefenka. Ina so in ga yadda kake shiga kwanar Gerard's, domin ina zargin tun daga can ake barin ka, ba a miƙaƙƙiyar ba.